Anti, tsoron korona zai sa in ajiye karatun nas

Wata ɗalibar makarantar koyon aikin jinya ce ta turo min saƙo a watan Maris na 2021, ta roƙi in ɓoye sunanta da na makarantarsu. Saƙon dogo ne, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ban shawara kaina ya kulle. Ina aji biyu a makarantar nas, ni na zaɓi karatun nan da kaina tun ina sakandire ba wanda ya tilasta min. Mun yi wata da watanni a gida saboda korona, da muka dawo aka tura mu fostin, wato koyon aiki a asibiti, a ɗakin mata. Akwai wata dattijuwa da nake kula da ita, ni nake juya ta ni nake ba ta ruwa, numfashinta ya sarƙe ta rasu a diyutina na dare, bayan kwana biyu muka ji wai gwajinta ya nuna korona ce. Ranar takunkumin da ke fuskata kwanansa uku. An fi wata ɗaya yanzu bana iya bacci, da na ji wani ya yi tari sai gabana ya faɗi, Babanmu yana da ciwon suga da hawan jini ina tsoron in kwaso in kai mishi. Mama ta ce in bari, wanda zan aura ma haka ya ce. Da na faɗa wa wata sista ina jin tsoro sai ta ce in ba zan iya ba in koma gida in yi aure. Yanzu ko yunifom ɗin na gani raina ɓaci yake. Anti ni matsoraciya ce? In bari ne?"

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah ya yi mata rahama, ke kuma ya saka miki da alheri kan hidimar da kika yi mata.

Ke ba matsoraciya ba ce, wannan ki cire shi a ranki tun yanzu. Abin da kike tsoro abu ne da ya kashe mutane a gabanmu. Duk wanda yake Kano a watan Afrilun 2020 ya san yadda aka yi ta jana'iza, dattawa da malamai da manyan gari suka yi ta tafiya a cikin 'yan makonni, har daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya fito ya ce mutum 979 aka lissafa kuma sama da rabi ana ganin korona ce sanadi. A farkon watan Yunin shekarar hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ce ma'aikatan lafiya 812 ne suka kamu a Najeriya. Kafin koronar ma, a watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata ba su san tana ɗauke da shi ba. Waɗannan ƙwararru ne fa da suka shekara suna aikin, toh ina ga ke da kike aji biyu aka bar ki da takunkumi mai kwana uku? Wlh da kin ce min ba ki ji komai ba da na fi damuwa da ke, domin wadda ba ta tsoron cuta ita ce take sakaci ta ɗauka ta raba wa marasa lafiya.

Sistar da ta faɗa miki waccan magana ba ta kyauta ba. Na san ita ma a gajiye take, mutanen da suka yi shekaru har zuwa 2021 alawus ɗin haɗarinsu na wata naira 5,000 ne, ga aikin dare ga ƙarancin ma'aikata, wani lokacin nas ɗaya ko biyu ce kan ɗaki guda cike da gadaje, amma gajiya ba ta ba ta lasisin karya zuciyar ƙaramar yarinya da ta zo mata da gaskiyarta ba. Wannan ɗabi'ar ta cewa mu ma haka aka yi mana ta daɗe tana kore yara masu kirki daga aikin nan, kuma ina roƙon manyanmu da ke karanta wannan su ji tsoron Allah su daina.

Shawarata ita ce kar ki bari yanzu. Ban ce kar ki taɓa bari ba har abada, na ce ba yanzu ba, ba a wannan halin ba. Mutumin da ya fi wata ɗaya bai samu baccin kirki ba ba ya yanke hukunci kan rayuwarsa, komai baƙi zai gani. Na karanta saƙonki na sake karantawa ban ga inda kika ce kin tsani juya mara lafiya ko ba ta ruwa ba, hasali ma yadda kika faɗi hidimar da kika yi wa dattijuwar nan ana jin ƙauna a ciki. Abin da ya ɓata miki rai shi ne an tura ki ba kariya, abu ya faru ba wanda ya kira ki ya ce sannu ya jikinki, da kika buɗe baki kuma aka gwasale ki. Fushi kike da yadda aka riƙe ki, kuma kina da gaskiya, amma shi aikin kansa ban ga alamar ya fita a ranki ba.

Tun ranar da sakamakon gwajin nan ya fito ya kamata a ce an rubuta sunan duk wanda ya taɓa matar, an sa muku ido na kwana 14, an yi muku gwaji. In ba a yi ba wannan sakacin nasu ne ba naki ba. Yanzu kuma tunda an fi wata ɗaya ba ki yi zazzaɓi ko tari ba, ba ki daina jin ƙamshi ko ɗanɗano ba, Baba ma lafiyarsa ƙalau, toh waccan ta wuce insha Allahu, kwanakin da cutar take ɗauka kafin ta bayyana sun shige tuni. Ki daina lissafin wannan daren a kan Baba. Abin da ya rage shi ne na gaba.

Ki riƙe wannan da kyau, ɗaliba koyo ta zo, ba ma'aikaciya ba ce, ba ta da albashi ba ta da alawus ɗin haɗari, kuma a ƙarƙashin kulawar wani ya kamata ta yi kowane aiki. Tura ki kan mai tari da sarƙewar numfashi ba sabon takunkumi ba safar hannu daidai yake da a ce yarinya ta sauke tukunya daga murhu ba tsumma, in ta ƙone kuma a ce ba ta da juriya. Kina da damar ki tsaya cikin ladabi ki ce, Sista dan Allah a ban safar hannu da takunkumi in yi, in babu zan tsaya in taimaka daga nesa. Ba rashin kunya ba ne wannan, abin da aka koya muku a aji ne tun kuna PTS, wato watannin farko na share fagen karatun. Amma na san yadda makarantunmu suke, ɗaliba ɗaya in ta cika magana sai a sa mata ido a ce ta fiya iyayi, a ƙi sa mata hannu a littafin fostin, shi ya sa nake ce miki kar ki yi ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu ku 'yan ajinku, na tabbata ba ke kaɗai ce kike kwana ido biyu ba kowa ɓoyewa take, ku rubuta takarda gajeriya ba zagi ba habaici, ku faɗi ranar da abin ya faru da abin da kuke roƙo, ku ba shugabar ajinku ta kai wa malamar da ke kula da ku a fostin, kwafi ɗaya ya je ofishin firinsifal. Maganar baki ana mantawa ko a musa, takarda kuwa tana zama a fayil.

Sai abin da ke hannunki ke kanki, wanda ba sai kin jira kowa ba. Sau da yawa lokacin cire kayan kariya ne ake ɗaukar cuta a asibiti, an gaji ana sauri. Ki cire safar hannu tukuna ba tare da bayanta ya taɓa fatarki ba, ki wanke hannu, takunkumi shi ne ƙarshe kuma ta igiyar kunne za ki kama shi ba ta gaba ba, ki sake wanke hannu. In da sabulu da ruwa ne ki ba shi daƙiƙa 40 zuwa 60, in sanitaiza ce 20 zuwa 30 har ta bushe, tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. Ki lura da abubuwan da ba a kawo su a rai, biron da kike rubuta awon zafin jiki da shi sannan ki sa a baki kina tunani, wayar da kike ciro wa daga aljihun yunifom da safar hannu a hannunki, bakin hijabin da yake sharar gefen gado duk lokacin da kika sunkuya gyara ƙarin ruwa. Ki samu ƙaramin hijabi na cikin ɗakin marasa lafiya kawai ki cusa shi a wuyan riga, babban ki bar shi a jaka. Takalmin aiki kar ya shiga ɗaki. In kin tashi ki cire yunifom ki ƙulle a leda, ki dawo gida da wasu kayan, kina shiga ki wuce banɗaki ki yi wanka kafin ki je gaida Baba, ki gaishe shi a tsakar gida ko inda iska take shiga ba a ƙuryar ɗaki ba. In kuna da hostal kuma da hali, ki zauna can har ki gama wannan fostin ɗin, hankalinki zai fi kwanciya. Takunkumi kuwa ko da kuɗinki ne ki sayi kwali ku raba da ƙawayenki, bai kamata a ce ke za ki saya ba amma lafiyarki ta fi jiran a gyara tsari.

Tunda ana maganar kariya bari in tambaye ki, kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B? Allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ɗalibai da yawa suna rawar jiki kan korona alhali kullum suna mu'amala da allura da jini ba su yi wannan ba. Kuma duk ranar da allurar da aka yi wa wani ta soke ki kar ki ɓoye don tsoron faɗa, ki wanke ki faɗa nan take, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi kuma gara a awannin farko.

Yanzu maganar da ta fi damuna, baccin nan da faɗuwar gaba. 'Yata wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana warkewa. Mutum in ya ga mutuwa kusa da kusa, musamman irin ta sarƙewar numfashi wadda kana kallo ba abin da za ka iya, ƙwaƙwalwa takan riƙe abin ta yi ta dawo da shi, tari kaɗan sai jiki ya ɗauka daren ne ya dawo. Kwana kaɗan ko sati biyu ba abin mamaki ba ne, amma tunda ya haura wata kuma ya fara hana ki karatu da cin abinci da son abin da kike so, lokacin ganin likita ya yi. Ki fara da likitan asibitin makarantarku ko wani da kika yarda da shi, in ya tura ki ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ki je, kar ki ce ai ni ba mahaukaciya ba ce me zai kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware. Yawancin masu zuwa wuraren nan mutane ne irina irinki da damuwa ta yi musu yawa, sau tari ma zama ne a yi magana a koya maka yadda za ka shawo kan firgitar, ba lallai sai an ba da ƙwaya ba. Ke da za ki zama nas gobe ke ya kamata ki fara cire wannan kunyar.

Abu ɗaya nake roƙonki da girman Allah, kar ki je kemis ki sayi maganin bacci da kanki. Ku ɗaliban lafiya kun san sunayen magunguna kuma ana ba ku ba tambaya da an ga yunifom, a nan yara da yawa suka faɗa abin da ya fi ƙarfinsu, ana farawa da rabin ƙwaya don a samu bacci a wayi gari ba a iya rayuwa sai da ita. Ki rage shan shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari da yamma, ki ajiye waya in kin kwanta, ki daina bin alƙaluman waɗanda suka kamu kowane dare. Ki samu mutum ɗaya da za ki ba shi labarin daren nan daga farko har ƙarshe, ki yi kukanki, ko ƙawa ko yaya ko wata malama mai sauƙin kai, a kowace makaranta akwai irinsu. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma da addu'ar kwanciya, ki haɗa da ganin likitan, ɗaya ba ya hana ɗaya. In kuma har ya kai kina jin gara ma ki mutu ki huta, wannan ba na jira ba ne, a ranar ki faɗa wa Mama ku tafi asibiti.

Ina jin akwai abin da ba ki rubuta ba amma yana cin ki, wato ko da na yi kaza da ba ta mutu ba. Ke ɗaliba ce, ba ke ke rubuta magani ba, ba ke ke da iko da silindar oksijin ba, kuma ajali in ya zo ko a gaban manyan likitocin duniya ne sai an tafi. A wannan annobar mutane da yawa a ƙasashe daban-daban sun rasu ba kowa nasu a kusa. Ita wannan baiwar Allah ta samu mai juya ta da mai ba ta ruwa a darenta na ƙarshe, kuma ke ce.

Wasu za su ce miki ai tsoron cuta raunin imani ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne ba makawa, amma Sayyidina Umar da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can juyawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Toh wa zai ce ya fi Umar tawakkali? Neman takunkumi da safar hannu yana cikin riƙo da sababi. Aikin naku kuma yana da asali mai daraja a wurinmu, Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Annabi (SAW) tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ki gaya wa Mama wannan in kun zauna.

Ita Mama tsoro ne irin na uwa, 'yarta take gani tana ramewa ba ta bacci, dole ta ce a bari. Kar ki yi musu da ita. Ki zauna da ita da Baba tare, ban ji kin faɗi abin da shi ya ce ba alhali saboda shi kike wannan fargabar, ƙila ma shi ne zai fi kowa ƙarfafa miki gwiwa. Ki nuna musu abin da kike yi in kin dawo daga asibiti ɗaya bayan ɗaya, ki ce musu za ki ga likita, ki roƙi su ba ki zuwa ƙarshen wannan zangon. Iyaye in suka ga akwai tsari hankalinsu yana kwanciya.

Shi kuwa wanda za ki aura maganarsa daban ce, ki tambaye shi a natse, koronar ce damuwarsa ko aikin ne gaba ɗaya? Domin korona za ta lafa da yardar Allah amma aikin dare da duba marasa lafiya da fita ranar sallah suna nan har ritaya. In tsoron cutar ne kawai wannan mai sauƙi ne, ƙauna ce. In kuma dama can ba ya son matarsa ta yi aikin asibiti ya samu korona ya fake da ita, gara ki sani yanzu kafin a shafa fatiha, manya su shiga a yi magana a fili a san matsaya. Na ga mata da yawa da aka ce musu ki bari kawai in an yi aure kya koma, har yau ba su koma ba.

Ba zan yi miki daɗin baki kan aikin nan ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ware 2020 a matsayin shekarar nas da ungozoma, shekara 200 da haihuwar Florence Nightingale, a rahotonta na shekarar ta ce duniya tana da giɓin nas miliyan 5.9 kuma ƙasashe irin namu ne suka fi jin jiki. An yi ta yabo ana kiran su jarumai, amma a watan Satumbar 2020 sai da JOHESU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya, ta shiga yajin aiki kan alawus da haƙƙoƙi. Albashin bai kai wahalar ba, wasu 'yan uwan marasa lafiya za su zage ki kan abin da ba laifinki ba, wannan duk gaskiya ne. Amma kuma ke kin san yadda matanmu suke, wata za ta kwana da ciwo a gida saboda ba ta son namiji ya duba ta, wata ba ta jin Turanci sai ta ga mai jin yarenta take iya faɗin abin da ke damunta. Ban faɗi wannan don in ɗora miki nauyi ba, ba ke kaɗai za ki ɗauki Arewa a ka ba. Na faɗa ne don ki san abin da ya ja ki tun kina sakandire abu ne na gaske. Kuma ba kowace nas ce take ƙarewa a ɗakin masu tari ba, in kika ci jarabawar kansil, wato hukumar da ke ba nas lasisi, kika karɓi lasisinki akwai ungozoma, akwai ɓangaren ido, akwai ɗakin tiyata, akwai rigakafin yara da awon ciki a asibitocin unguwa, akwai koyarwa. Kin riga kin yi nisa a karatun nan na shekara uku. In kin gama kika ga har lokacin ranki ba ya so, ki ajiye da lasisinki a hannu ba wanda zai zarge ki, ni ma ba zan zarge ki ba.

Sai kuma maganar rigakafin korona, ranar 2 ga watan Maris na 2021 allurai kusan miliyan 4 na AstraZeneca suka sauka a Abuja ta shirin COVAX na raba wa ƙasashe rigakafin, aka fara da ma'aikatan lafiya ranar 5 ga wata, washegari shugaban ƙasa na lokacin Buhari da mataimakinsa suka yi a gaban kyamara. Na san abin da ke ran mutanenmu, ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya. Amma wannan allurar miliyoyin mutane sun riga sun yi ta a Ingila da Indiya kafin ta zo mana. Ki tambayi makarantarku ko ana yi wa ɗaliban da ke fostin rigakafin korona, in ana yi ki yi, hannu zai yi tsami ƙila da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. In ana yin rigakafin a kusa da ku ki kama hannun Baba ki kai shi da kanki bayan ya yi magana da likitansa.

In kuma kin ga likita ya ce lallai kina buƙatar hutu, kar ki ɗauke ƙafa haka kawai ki daina zuwa, za a rubuta ki a wadda ta gudu ki rasa gurbinki. Ki karɓi takardar likitan, ki rubuta wa firinsifal kina neman a ɗaga miki karatu na wani lokaci, Baba ko wani babba a gidanku ya raka ki ofis ɗin, ki tabbata an buga hatimi a kwafinki kin ajiye shi a gida, ki kuma tambaya a rubuce da wane aji za ki dawo da kuma yadda za ki rama kwanakin fostin ɗin da kika rasa.